Bindigar Iska da Ɓerayen Lambu a Birtaniya

A Ingila, duk wanda ya kai shekara 18 zai iya sayen doguwar bindigar iska ba tare da lasisi ba, muddin ƙarfinta bai haura joule 16 ba. Mutane da yawa suna amfani da ita wajen kashe ɓeraye da zomayen daji masu ɓata lambu, kuma doka ta yarda, in a filinka kake harbi ko mai fili ya ba ka izini. Sai dai da zarar harsashi ya ƙetare shinge ya faɗa gidan maƙwabci, ka aikata laifi, ko da bai taɓa kowa ba. Tsuntsaye kuwa wata doka ta 1981 ta kare su, sai 'yan kaɗan da aka keɓe bisa sharuɗɗa.

Scotland ta ƙara tsaurarawa: daga ƙarshen 2016, sai da takardar izinin 'yan sanda ake mallakar irin wannan bindiga. A ganina sun yi daidai. Masu adawa suna cewa an wahalar da manoma a banza, tunda mai mugun nufi ba ya neman takarda. Gaskiya ne, amma akwai haɗari a unguwanni masu cunkoso. A 2005 harsashin bindigar iska ya kashe yaro ɗan shekara 2 a Glasgow. Manomin da ɓera ya addabi rumbunsa yana da hujjar da za a ba shi takarda, tantancewar kuma tana tsayar da wanda ba shi da filin harbi.