Aikin Ido da Leza: Wa Ke Kare Na Gefe?

Duk lokacin da Ranar Gani ta Duniya ta zagayo a watan Oktoba, kafafen yaɗa labarai sukan cika da yabon aikin ido da leza: ba wuƙa, ba jini, minti kaɗan majinyaci ya koma gida. Gaskiya ne, amma rabin zancen ke nan. Jama'a na ɗaukar abin tamkar hasken tocila, alhali a wasu ayyukan ƙuna ce likita ke yi da gangan a tantanin bayan ido, don tsayar da ɓarnar ciwon suga ko liƙe inda ya yage.

Asalin maganin ma daga rauni ya samo tushe. Bayan husufin rana na 1945, likitan ido ɗan Jamus, Gerd Meyer-Schwickerath, ya lura da tabon ƙuna a idanun waɗanda suka ƙura wa rana ido. Sai ya yi tunanin sarrafa wannan ƙunar ta sauka daidai inda ake so. A 1949, a birnin Hambug, ya tattaro hasken rana da madubai ya yi wa majinyaci aiki. Da gajimare ya riƙa tsayar masa da aiki, daga bisani ya koma ga fitilar zenon wadda kamfanin Zeiss ya ƙera a 1956. Theodore Maiman ya samar da leza ta farko a Amurka a 1960, kuma shekara guda bayan haka aka gwada ta a idon ɗan Adam a Niyok.

Wannan tarihin ya isa gargaɗi. Na'urar da likita ke leƙawa tana da matatar haske da ke kare idonsa, amma nas da ɗalibi da ɗan rakiya ba su da ita. Hasken kan daki gilashin da aka ɗora a idon majinyaci ya fantsala gefe. Wata lezar, irin YAG, ido ba ya ganin haskenta balle ya ƙifta. Kuma kowace leza da tabarau ɗinta na kariya. Na leza mai koren haske ba lallai ya tare YAG ba, tabarau na rana kuwa ba ya cikin lissafi.

To, me ya sa za a kashe miliyoyi a sayo na'ura a ƙyale tabarau? Shugabannin asibitoci, ku tanade su, ku horar da ma'aikata, ku rataya alamar gargaɗi a ƙofa, a rufe ta lokacin aiki. 'Yan rakiya kuma, in an ce ku jira a waje, ku jira. Rigakafi ya fi magani.