Katsalandan ɗin Hausa a Bakin Mai Koyon Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya yi karatun boko ya san irin ɗawainiyar da ake sha kafin harshe ya karye da Ingilishi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mafi yawan abin da ake kira kuskure a bakin Bahaushe mai koyon wannan harshe yana da tushe a tsarin Hausa kanta, har malami yana iya hango shi kafin ɗalibi ya buɗe baki. Masana irin su Uriel Weinreich a 1953 da Robert Lado a 1957 sun yi bayanin yadda harshen uwa yake yin katsalandan a cikin harshe na biyu. A nan za a dubi al'amarin ne ta fuskar abin da na ji da kunnena, ina ɗalibi da kuma ina malami.

2.0 Furuci

Matsala ta farko ta baƙaƙe ce. Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/. Baƙi ɗaya gare ta, baleɓe, wanda furucinsa yake sauyawa daga karin harshe zuwa wani. Saboda haka “pan” da “fan” abu ɗaya ne a kunnen yaro. Haka nan /v/ takan koma /b/. Sautukan nan biyu da ake rubutawa da “th” kuwa, Bahaushe yakan mai da su /s/ da /z/, alhali Bayarabe da Ibo sukan mai da su /t/ da /d/. Irin wannan bambanci yana cikin abin da Munzali Jibril ya nazarta a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982.

Ta wajen wasula, Hausa tana da gajeru biyar da dogaye biyar, sai tagwaye /ai/ da /au/. Daidaitaccen Ingilishin Ingila kuwa yana da tilo 12 da tagwaye 8. A nan Bahaushe yana da wata gata da ba a cika lura da ita ba. Tun da ya saba rarrabe “gari” na mutane da “gari” na tuwo ta tsawon wasali, bambanta “ship” da “sheep” ba ya yi masa wuya. Inda gizo yake saƙa shi ne “cat” da “cut”, domin duka biyun a kan /a/ suke faɗa masa.

Sai kuma gaɓa. Tsarin gaɓar Hausa uku ne, wato BW da BWW da BWB, kuma babu wadda take farawa da baƙi biyu a jere. Dalilin ke nan da ya sa ake cusa wasali a tsakani, kamar yadda kalmomin aro irin su burodi da firamare da sukurudireba suka nuna.

3.0 Ma'ana da Al'ada

Ko furuci ya gyaru, tunani yakan daɗe yana gudana da Hausa. Aikatau “ji” ya ƙunshi sauraro da fahimta da jin wari da jin zafi, shi ya sa ɗalibi yakan ce “I don't hear English” yana nufin ba ya fahimta. Wanda zai fita ya dawo yakan ce “I am coming”, domin “ina zuwa” ce a zuciyarsa. Wata ɗalibata ta taɓa gaya mini cewa nauyi take ji ta ce wa dattijo “you”, saboda kalmar ta haɗe kai da ke da ku, ba ta bar wa girmamawa gurbi ba. Wannan nauyi tarbiyya ce, amma a aji sai a ɗauke shi rashin ƙoƙari.

4.0 Halin da Ake Koyo

A makarantar sakandaren da na yi, laifi ne a ji mutum yana Hausa. Akwai wani ɗan katako da ake rataya wa wanda aka kama, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa, kuma wanda ya kwana da shi zai sha bulala. Abin da wannan doka ta haifar shi ne shiru. Yaran da suke da surutu a gida suka zama kurame a aji, don gudun horo da dariyar abokai. Harshe kuwa ba ya samuwa sai da yawan faɗa.

Tarihi ya nuna akwai wata hanya. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta ba koyar da furuci muhimmanci ƙwarai, kuma ita ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turawa kansu suka yaba wa lafazinsa. Shi ne kuma marubucin Shaihu Umar. Ashe ke nan ƙwarewa a Ingilishi ba ta bukatar a yar da Hausa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ma ta tanadi a fara karatun firamare da harshen uwa ko na yankin da yaro yake.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya kamata malamin Ingilishi a ƙasar Hausa ya san tsarin sautin Hausa, don ya san inda zai tsananta atisaye da inda zai wuce da sauri. Wajibi ne kuma sassan Hausa da na Ingilishi a kwalejojin horon malamai su haɗa hannu wajen shirya darussan kwatanta harsunan biyu. Ɗalibin da aka nuna wa dalilin tuntuɓensa ya fi saurin gyarawa a kan wanda aka yi wa dariya.