Jitar da ake takawa da ƙafa, da abin da ta haɗa da gogenmu

A shirinmu na makon jiya wani bawan Allah mai kai kaya Galabat, bakin iyakar Habasha, ya bugo mana waya da tambaya. Ya ce direban lorin da ya ɗauko shi daga Gadarif ya sa musu wani tsohon kiɗan Yarabawa, sai ya riƙa jin wani abu a ciki yana kuka kamar goge, amma kuma ba goge ba ne. Ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah mene ne wannan?" Mun amsa masa a taƙaice a iska. Ga cikakken bayanin a rubuce, don wanda shirin ya wuce shi yana daji da dabbobi ko yana layin kwastan.

Abin da ya ji jita ce, amma ba irin wadda ake ratayawa a kafaɗa ba. Wannan a kwance take bisa ƙafafu huɗu kamar ƙaramin tebur, mai kaɗa ta yana zaune a gabanta kamar tela a gaban keken ɗinki. Turawa suna ce mata pedal steel, mu kuma a shirin muka ce mata jitar kwance mai feda. Yawanci tsirkiya 10 ce a wuya ɗaya, wasu kuma wuya biyu gare su, tsirkiya 20 ke nan. Mai kiɗa yana riƙe wani guntun ƙarfe mai santsi a hannun hagu, yana zame shi a kan tsirkiyoyin, hannun dama kuma yana tsinkarsu da 'yan ƙarafan da ya sa a yatsu kamar farce. A ƙasa akwai feda da yake takawa, a gefen gwiwoyinsa akwai wasu 'yan hannuwa da yake turawa dama da hagu. In ya taka feda, wani siririn sandan ƙarfe da ke ƙarƙashin teburin sai ya ja tsirkiya ɗaya ko biyu ta ƙara ɗaurewa, murya ta hau. In ya saki, ta sauko. Wannan hawa da sauka ba tare da yankewa ba, shi ne kukan da ɗan'uwanmu ya ji a lori.

To, in kun lura, dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai kalangu in ya matse igiyoyin a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau, in ya sassauta ta sauko. Mai goge ma ba shi da layukan ƙarfe a wuyan gogensa, yatsa ne ke tafiya a kan izga yadda ya ga dama. Dalilin da ya sa kakanninmu suka so irin waɗannan kayan a fili yake: Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Kalmar "fari" ta launi daban, "fari" na rashin ruwa daban, muryar ce ke raba su. Kayan kiɗan da zai iya lanƙwasa murya shi ne zai iya kiran sunan mutum da kirarinsa. Yarabanci ma haka yake, shi ya sa jitar ta samu gida a Legas.

Asalinta tsibirin Hawai ne. Wajen 1889 wani matashi mai suna Joseph Kekuku ya fara kwantar da jita a cinya yana zame ƙarfe a kanta. Salon ya shiga Amurka, aka sa mata lantarki, aka yi mata ƙafafu. Matsalar ita ce ƙarfen miƙaƙƙe ne, ba ya lanƙwasa kamar yatsu, don haka haɗin muryoyin da za a iya fitarwa kaɗan ne. Daga nan makaɗa da maƙera suka shiga neman mafita. Wani Paul Bigsby, wanda asalinsa makanikin babur ne a Kalifoniya, ya ƙera wa makaɗi Speedy West mai feda a 1948. A 1953 wani Bud Isaacs ya taka feda alhali tsirkiya tana cikin kuka, a waƙar "Slowly" ta Webb Pierce. Waƙar ta karɓu ƙwarai, makaɗa suka ruɗe, kowa ya koma gida yana liƙa wa tasa jitar feda da abin da ya samu a gareji. Buddy Emmons da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud wajen 1957, kuma Emmons ne ya raba aikin feda ɗaya gida biyu, tsarin da yawancinsu ke bi har yau.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne har yanzu jitar ba ta da tsari guda da aka yi ittifaƙi a kai. Wannan ya ƙara feda, wancan ya mayar da hannun gwiwa wani gefe, wani ya sa tsirkiya 12, wani 14. Yawancin masu ƙera ta ƙananan shaguna ne, sai ka faɗi yadda kake so a yi maka. Kowane makaɗi yana da jadawalinsa a takarda: feda kaza tana jan tsirkiya kaza. Kuma ba sa ɓoyewa. Sun yi shekaru da dama suna taron shekara-shekara a birnin St. Louis, kowa ya kifar da tasa a leƙa cikinta.

Zuwanta Najeriya kuwa, King Sunny Ade ne ya shigar da ita kiɗan juju a ƙarshen shekarun 1970, mai kaɗa masa ita shi ne Demola Adepoju. Faifansu "Juju Music" na 1982 ya zaga duniya, har Paul Simon ya ɗauki Adepoju ya yi masa kiɗa a faifan "Graceland" na 1986.

Yanzu bari mu dawo gida. Wani zai ce ina ruwan mai shanu a bakin tur'a da jitar Amurka? Amsar ita ce mu ma haka muke yi, ba mu dai rubutawa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shekara ɗaya da Buddy Emmons, da kuntigi ya yi suna: gwangwanin kifi, 'yar fata, ɗan sanda da tsirkiya ɗaya tak. Kukuma ƙaramin goge ce da aka rage wa jiki don muryar ta yi kaifi. Garaya ta maharba, gurmi, molo, babu wanda ya fito daga kamfani, kowanne hannun mai shi ne ya auna shi.

Kakanninmu da suka taho gabas, wasu a hanyar Hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno da ya kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar, wasu kuma don aikin auduga bayan an buɗe noman Jazira a 1925, sun zo sun tarar da mutane masu tambur da kiɗa mai hawa biyar, irin wanda kunnen Bahaushe ya saba da shi. Ba mamaki da Aisha Falatiya, 'yar jininmu, ta zama cikin matan farko da suka rera waƙa a Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940. A ƙauyukanmu na Hasahisa zuwa Madani, wanda bai samu ƙwarya mai kyau ba ya yi da kwanon sha, wanda bai samu izga ba ya yi da zaren kamun kifi ko wayar birkin keke, kamar yadda maƙwabtanmu ke yi wa tambur ɗinsu.

Ga inda damuwar take. Tun kafin yaƙi, org mai lantarki ya riga ya cinye gidajen biki, yaro ɗaya ya danna maɓalli ya yi aikin mutum biyar. Sai ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya iso Jazira a Disambar shekarar. Wanda ya fito da 'ya'ya a kafaɗa ba ya tuna goge a jikin bango. Gogen kansa ba asara ba ce babba, ƙwarya da fata ne. Asarar ita ce dattijon da ya san kaurin ƙwaryar da ta dace, da inda ake aza jaki, da yawan gashin da ake murɗawa. In ya tafi ba wanda ya gani a hannunsa, to an yi gobara.

Kuma ku masu sauraronmu kuna da hannu a sana'ar, ko ba ku taɓa riƙe goge ba. Makiyayi, fatar akuyar da ka feɗe ba tare da wuƙa ta huda ta ba, ita mai haɗa garaya da kalangu ke nema. In izga ce, ta ingarma ta fi ta goɗiya, don fitsari yana lalata gashin wutsiyar goɗiya. Ɗan kasuwa, in an ba ka saƙon kayan kiɗa, kada ka cusa shi ƙarƙashin buhunan dawa, kada kuma ka bar shi a rana bisa lori, zafi yana ɗaure fata har ta tsage, damina kuma tana saki ta, sai an ɗan gasa ta nesa da wuta kafin murya ta dawo. In kana sayo kaya daga ƙetare, zaren nailan kauri daban-daban da ƙaramin makirfo mai maƙalawa ba su da nauyi, kuma akwai masu nemansu.

Roƙonmu ɗaya ne. In akwai baba ko kawu a zangonku ko a kambonku da ya iya haɗa goge, gurmi ko garaya, ku je ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku ɗauke shi a waya tun daga yankan ƙwarya har ɗaurin tsirkiya, yana yi yana bayani da bakinsa. Ku tambaye shi me ya canza daga yadda ya koya, kuma don me. In ya yarda, ku aiko mana, za mu sa a shirin. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Sai mun ji daga gare ku.