Kuza da sanyin Jos: Dalilin da ya sa ƙarfen liƙi ke saurin narkewa

Tun farkon ƙarni na 20 garin Jos ya yi suna a duniya saboda kuzar da ake haƙowa a Bukuru da kewaye. Har yau wannan ƙarfe yana hannun duk mai gyaran waya ko rediyo, domin da shi ake haɗa ƙarfen liƙi.

Kuza zalla tana narkewa a zafin digiri 232 na ma'aunin Salshiyos, dalma kuma a 327. Amma idan aka gauraya kuza kashi 63 cikin 100 da dalma kashi 37, sai haɗin ya narke a digiri 183 kacal.

Masana kimiyyar sinadarai sun bayyana cewa a kowane zafi, abu yakan karkata zuwa yanayin da ya fi masa daidaito. A narke, ƙwayoyin zarra na kuza da dalma suna cakuɗuwa sarai, wannan cakuɗuwa kuma tana ƙara wa ruwan ƙarfen daidaito. A daskare kuwa ba sa karɓar juna sai kaɗan. Saboda haka haɗin yakan daɗe yana ruwa kafin ya daskare, mai gyara kuma ya yi liƙinsa ba tare da ya ƙona na'ura ba.

Sanyi ma yana da tasiri. Ƙasa da digiri 13.2, farar kuza zalla takan fara rikiɗewa zuwa wata mai launin toka, ta kumbura, daga bisani ta marmashe. Daren hunturu a Jos kan sauka ƙasa da wannan mataki, sai dai rikiɗar tana tafiyar hawainiya, ba ta tsananta sai a ƙasashe masu ƙanƙara. Dalma kaɗan a cikin kuza takan daƙile ta.

Matsalar ita ce dalma guba ce, kamar yadda mace-macen yara a Jihar Zamfara a 2010 suka nuna. Tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita a kayan lantarki, aka koma ga haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe, wanda ke narkewa a kusan digiri 217.

Don haka sabbin wayoyi suna buƙatar zafi fiye da tsofaffi wajen gyara. Mai aiki da haɗin da ke ɗauke da dalma kuma ya wanke hannu kafin cin abinci, ya nisanta yara da wurin aikinsa.