Aikau da Aikatau a Turanci: Inda Ake Tuntuɓe

Bahaushe ba ya cewa "yarinya ya zo" ko "yara ta tafi"; kunnensa ma ba zai yarda ba. Turanci ma yana da irin wannan doka, sai dai shi bai damu da jinsi ba a nan. Adadi yake dubawa: aikau tilo ne ko jam'i?

Rigimar duk tana kan harafin "s". A jikin suna, jam'i yake nunawa. A jikin aikatau na lokacin yanzu kuwa, tilo. Shi ya sa ake cewa "The boy plays" amma "The boys play".

Masu shirya jarrabawar WAEC da JAMB sun fi son kafa tarko a tsakiya. Dubi "The basket of tomatoes is heavy". Ɗalibi sai idonsa ya faɗa kan tumatir, da yake shi ne dab da aikatau, ya rubuta "are". Alhali kwandon ne ke da nauyi, kuma guda ɗaya ne.

"Everybody" tilo ne, kamar yadda muke cewa "kowa ya zo". "News" da "mathematics" ma haka, duk da "s" ɗin da ke wutsiyarsu, amma "police" jam'i ne. Waɗannan sai dai hadda.

Turawan kansu ba su daidaita ba. Mai sharhin ƙwallo a Ingila zai ce "Arsenal are winning", yana kallon 'yan wasan. Ba'amurke ya fi son "is" ga kalmomi irin su "team".