Shin Ko Kun San? Kan Bel, Ɗamara da Shigar Mayaƙan Da

Shin ko kun san a ƙasashen Turai akwai mutanen da kan yi wata da watanni suna neman kan bel guda ɗaya, wanda ƙirarsa ta dace da ta shekara 600 ko 900 da suka shige? Ba 'yan fim ba ne. Mutanen gari ne masu sana'o'insu, waɗanda in hutu ya zo sai su shiga kayan mayaƙan da, su fita fili su kwaikwayi yaƙin da kakanninsu suka gwabza. A Ingila, duk watan Oktoba akan sake buga yaƙin Hastings na 1066 a filin da aka yi shi. A Folan kuma, duk watan Yuli sai an maimaita yaƙin Grunwald na 1410. A irin wannan taro, ko ka haɗe tun daga kwalkwali har takalmi, muddin kan bel ɗinka na kanti ne, sai an ja ka gefe an yi maka magana.

Kun san abin da ya ba su bakin yin wannan tsanani? Fata da tufa sukan ruɓe a ƙasa, tagulla kuwa tana nan daram. Shi ya sa kan bel yake cikin tarkacen da masu tonon tarihi suka fi samu. A 1991 Geoff Egan da Frances Pritchard suka fitar da littafi sukutum mai suna Dress Accessories, a kan ƙananan kayan sawa na tsakanin 1150 da 1450 da aka tono a Landan, kowanne da zanensa da awonsa. Maƙeran yau daga irinsa suke kwafa. Wanda ya duba zai ga yawancin bel ɗin wancan zamani siriri ne, kansa ɗan ƙarami. Faffaɗan nan mai ƙaton kai da ake ɗaura wa kowane jarumi a fim ba shi ne na yau da kullum ba.

Shin ko kun san kan bel mafi suna a Ingila na zinariya ne, nauyinsa ya haura giram 400? A 1939 aka tono shi a Sutton Hoo, cikin kabarin wani basarake da aka binne a jirgin ruwa a farkon ƙarni na 7. Cikinsa rami ne, bayansa kuma yana da murfi mai buɗewa.

Jabu ma ba yau ya fara ba. A 1327 masu sana'ar bel na Landan suka samo takardar Sarki Edward na Uku, wadda ta hana yi wa bel ado da dalma da sauran ƙarafa marasa daraja.

To, mu dawo gida. Shin ko kun san ɗan wasan kwaikwayo a Birnin Gwari, in yana son fitowa a matsayin mayaƙin ƙasar Hausa na da, ya kuma shiga kasuwa neman kan bel, ya kama hanyar da ba ta ɓullewa? Suturar kakanninmu ta ɗauri ce. Wando da mazagi ake tsuke shi. Riga kuwa ɗamarar ƙyalle ake naɗa mata a ƙugu, a ƙulle ko a soke. Takobi ba a ƙugu yake lilo ba irin na sojan Bature: hamila ake zurawa ta zobban kube, a rataya a kafaɗa, takobin ya kwanta a gefen haƙarƙari. Ku lura da hakimai ranar hawa, har gobe haka suke yi. Ƙaramar wuƙa ma akwai wadda kubenta ke da zoben fata, a hannu ake zura ta, hannun riga ya rufe.

Shin ko kun san littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke? Wato a shekarun da ake gab da gwabza yaƙin Grunwald, Kano ma tana da mahaya masu rigar ƙarfe.

Kun kuwa san ɗamarar da ɗan sulke ke ɗaurawa ba ta ado ba ce kaɗai? Rigar sulke takan kai kilo 10 ko kusa da haka, kuma in an bar ta sake, duk nauyin a kafaɗa yake sauka. Da an tsuke ƙugu, sai ƙugun ya ɗauke wani kaso. Masu kwaikwayon yaƙi a Turai da bel suke samun wannan sauƙi, namu da ƙyalle ko fata, amma dabarar guda ce.

A 1823 Baturen nan Dixon Denham ya ga mahayan Shehun Borno sanye da sulke sun fito tarbarsa kusa da Kukawa. A 1964 kuma wani masani, A. D. H. Bivar, ya fitar da littafin Nigerian Panoply bayan ya duba makamai da sulkunan Arewa da idonsa. Ga abin da mai saye ya kamata ya riƙe: a sulke na ƙwarai, bakin zobe da ɗan ƙusa ake ɗaure shi. Wanda aka lanƙwasa waya kawai aka haɗa bakinta, aikin araha ne, kuma yakan buɗe in an ja shi da ƙarfi.

Shin ko kun san takobin ma sau da yawa rabinsa baƙo ne? Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ke shigowa birnin a shekara, galibi daga Solingen ta Jamus. A nan gida maƙera ke sa masa ƙota, dukawa su ɗinka kube.

In kuna neman inda gwanintar ƙira ta tafi, ku dubi doki. Linzami, kaimi, likkafa, musamman babbar nan wangami da ƙafa ke zama a cikinta gaba ɗaya, da zobban majayi da na ragama, a nan maƙeran baƙi da maƙeran fari suka zuba basirarsu. Bature ya ƙawata ƙugunsa, basaraken Hausa ya ƙawata ingarmansa.

Yanzu ga wadda ta fi shafar Birnin Gwari. Shin ko kun san dajin Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, kafin ya zama gandun ƙasa a 1999? Ya haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, ƙasa ce ta doka da kaɗanya da duwatsu. Irin wannan wuri ba filin sukuwa ba ne. Inda duhuwa da rafuka suka yi yawa akwai tsando, tsando kuwa shi ke sa wa dabba sammore, kuma doki ba ya jure masa. A ƙarni na 19, lokacin da mahayan Kwantagora ƙarƙashin Umaru Nagwamatse, wanda ya rasu a 1876, da ɗansa Ibrahim suke kai hare-hare ƙasashen Gwari da Kamuku, duwatsu da kurmi su ne mafakar mutane, makaminsu kuwa kwari da baka, kibiya da dafin kwankwani. Saboda haka wanda zai fito a matsayin mayaƙin dajin nan, kayansa warki ne da kwari da baka, da guru a ƙugu, kambu a damtse, layu a ƙirji. Kuma ba sai an je gidan tarihi ba: mafarauta suna nan da irin wannan shiga, kowa ya ga yadda ake kama bakin guru da hanci da ƙullin fata, ba tare da ƙarfe ba.

Abin da kan ba ni haushi a wasanninmu shi ne a tara mayaƙa ɗari a sa wa kowa sulke. Sulke kayan fada ne mai tsada, tsiraru ke samunsa. Yawancin rundunar da dakaru ne, a ƙasa suke tafiya.

To, ta ina bel mai kan ƙarfe ya zama ruwan dare a ƙasar nan? Ta bariki. A 1863 John Glover ya tara rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover a Legas. A 1897 aka ɗora wa Lugard kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ta ci Kwantagora a 1901, ta shiga Kano da Sakkwato a 1903. Sojan wannan runduna a ranar fareti kaki yake sawa da jar dara da jar ɗamarar ƙyalle, ga kuma bel na ɗaukar harsashi da banati. Daga baya 'yan doka na En'e suka biyo sahu da nasu kaki da bel. Ashe kenan mai shirya wasa a kan zuwan Turawa shi ne ke da hujjar neman kan bel na tagulla.

Shin ko kun san bel ɗin hafsoshi mai igiya da ke ratsa ƙirji ta kafaɗa, wani mai hannu ɗaya ne ya ƙago shi? Sam Browne, hafsan Ingila, ya rasa hannun hagu a yaƙi a Indiya a 1858, ya kasa riƙe kube in zai zare takobi, sai ya yi wa bel ɗinsa igiyar da za ta tsayar da kuben wuri ɗaya.

Kun san a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu? Hawa ba kwaikwayo ba ne, abu ne mai rai, shi ya sa yake karɓar sabo. Za ka ga ɗan lifidi da agogo a hannu, ko majayi na igiyar nailan, ba mai ɗaga kai. A Kano ko Zariya ko ƙofar fadar Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, wannan ba laifi ba ne a ganina, domin mahayin ba cewa ya yi a ƙarni na 15 yake ba. Fim ne ke yin wannan da'awa, shi kuma za a tuhuma. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, da ya fito a Netflix a 2021, ya sha suka daga masu kallo a Arewa, har da batun sutura. Fim ɗin Mai Martaba kuwa, da aka ɗauka a Daura, shi Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024. Tun a 1976 ma Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, labarin da ya faro daga Kagara.

Mai son hujja ta zamanin da can, ya san da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina. An tona kushewun sarakunan wurin a 1907, aka sake a 1992, aka sami tasoshin tagulla da mundaye da kayan zinariya da duwatsun ado da wuri. A Mainz ta Jamus aka gyara kayan. Na kusa kuwa, ga Gidan Makama a Kano da gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Ina ake samun kayan? Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, har yanzu tana da masu sayar da kayan doki da hamila da kube. Aikin tagulla kuwa sai Bida, birnin da UNESCO ta sa cikin biranen sana'ar hannu a 2021. Daga Birnin Gwari hanyar ta bi ta Pandogari da Kagara zuwa Tegina, a karya Zungeru, a sauka Bida. Fata kuma jar akuyar Sakkwato ce gaba, a jeme ta da bagaruwa a rina da karan dafi. Ita ce Turawa suka daɗe suna saye daga Maroko suna laƙaba mata sunan can. Igiya mai ɗaukar nauyi dai ƙirgin sa take so, kuma a ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe saboda rashin tsaro.

Shin ko kun san maƙeran fari sun sha narka dalar azurfa ta Mariya Tereza su yi kayan ado? Kuɗin nan, ko yaushe aka buga shi daga baya, 1780 ne a jikinsa, don haka ganin wannan shekara ba ya nuna tsufa.

Ku tafi kasuwa da maganaɗisu a aljihu. Ba ya kama tagulla. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka.

Kada kuma a yi garajen sayen tsohon abu na ainihi. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka yarje wa, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Wannan ya shafi masu haƙar zinariya a ƙasar Birnin Gwari, sana'ar da ake yi a yankin tun zamanin Turawa: tsohuwar munduwa ko kan mashi da aka ci karo da shi a rami, in an san wurin da zurfinsa masana za su iya ƙiyasta shekarunsa, in ya faɗa buhun 'yan gwangwan kuwa shi ke nan.

Sabo ake sawa a ƙera, kuma hanya biyu ce. Ko a danna samfuri a cikin yashi mai danshi a zuba narkakkiyar tagulla, irin yadda ake zubin tukwanen sanholo. Wannan ya fi sauri da araha, sai dai kwafin kan ɗan ƙanƙance in ya huce, zanensa kuma ya dushe. Ko a sassaƙa siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya tsiyaye, sannan a ɗura ƙarfe a gurbinsa. Wannan ta biyu ita ke fitar da zane raɗau, amma sai an fasa yumɓun kafin a ciro abin, saboda haka zobe goma siffar kaki goma ke nan. Mai so don hawan salla ya kai wa maƙeri aikinsa tun azumi bai kama ba.