Gwandu da Kalgo: Sanata ɗaya, 'yan majalisar wakilai biyu

Jihar Kebbi na da kujeru 11 a Majalisar Tarayya: uku a Majalisar Dattawa, takwas a Majalisar Wakilai. Yadda aka raba ƙananan hukumominta 21 tsakanin waɗannan kujeru ne ke nuna wa mai zaɓe ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan yana da buƙata.

Gwandu da Kalgo duka suna cikin mazaɓar Kebbi ta Tsakiya, don haka sanatansu ɗaya ne. A Majalisar Wakilai kuwa sun rabu: Gwandu tana tare da Aliero da Jega, Kalgo kuma tana tare da Birnin Kebbi da Bunza.

Ba kamar zaɓen gwamna ba, a nan ba a sharɗanta samun kashi 25 cikin ɗari a yawancin ƙananan hukumomi. Wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ne ya ci. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, Adamu Aliero na PDP ya kayar da gwamna mai ci, Atiku Bagudu na APC. Sai dai a watan Mayun 2025, sanatocin jihar uku duka suka koma APC.

Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce mai sauya sheƙa zai rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyarsa ta dare ko ta haɗe da wata. Sashe na 69 kuma ya bai wa jama'a damar yi wa wakilinsu kiranye, muddin fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sanya hannu, sannan aka tabbatar da hakan ta ƙuri'ar raba-gardama.